Motar Labbo Mai Tafiya da Ruwa

A unguwar Nassarawa ta Birnin Kebbi an yi wani mutum, Labbo, wanda Allah Ya ba shi baki Ya hana shi hannu. Kome ya taɓa da niyyar gyara, sai dai a je a yi wa mai abin jaje. Shi ne ya taɓa sa wa ɗakin matarsa Mansura sabon ƙyaure, ya buga masa ƙusa hagu, ya buga masa dama don ya yi ƙarko, sai da ya aje guduma ya tuna daga ciki yake. Ta taga aka zaro shi, kamar ana zare tarwaɗa daga gora.

Shekaru ya yi yana gadin ƙofar wani ofishin injiniyoyi. Ranar da ya bar aiki ya dawo gida da wata hular kwano mai ruwan ɗorawa da wani ya mance a kan benci, ya kafa ta a ka, ya ce daga yau Injiniya za a riƙa kiransa. In aka tambaye shi inda ya yi karatun, sai ya ce, "Duk injiniyan da kunka sani garin ga, sai da na buɗe mishi ƙofa kana ya shiga. To wa ke gaba da wani?"

Yana da tsohuwar a-kori-kura. Tana tari, tana hayaƙi, amma tana zuwa inda aka aike ta, kuma abin da ake nema ke nan ga mota, da jaki, da ɗa. Ranar da ya ga baƙin mai ya yi ƙasa, maimakon ya je wurin masu sayarwa, sai ya leƙa madafi ya ɗauko galan ɗin man gyaɗan Mansura.

"Malam, man suyata ne fa!"

"Mai mai ne. Turawa ne sunka raba su don su ci kasuwa biyu."

Motar ta tashi kuwa. Kafin ta kai kwanar masallaci unguwa duk ta ɗauki ƙamshin ƙosai, mata na leƙowa ta katanga suna tambayar wa ta haihu. Daga nan ta yi wata ƙara kamar an shaƙe rago, ta tsaya, tsayuwar da ba ta sake tashi ba. Makanikai suka duba suka ce injin ya ƙone. Labbo ya ce hassada ce. Ya sa aka turo ta ƙofar gida, ya kwance injin ɗai-ɗai, ya wanke kowane ƙarfe da sabulu, ya shanya a kan rufi kamar kayan jariri. Raɓa ta sha, rana ta sha, tsatsa ta gama da sauran. Manyan ƙarafan yanzu su ne murhun Mansura. Inda injin yake kuwa, kaji suka samu wurin ƙwai.

Mai hankali nan zai tsaya. Labbo nan ya fara.

Uwarsa, Inna Hodi, tana Argungu, tana noman shinkafa na rani a fadama, bakin gulbi. Tsohuwa ce busasshiya kamar sandar makiyayi, ba ta dariya sai da dalili, dalilin kuma bai cika zuwa ba. Labbo ɗan farinta ne, don haka bisa al'ada tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana baki da baki. In tana da abin faɗa masa sai ta dubi wanda ke kusa ta ce, "Gaya wa wancan." Mai ɗaukar wannan saƙo yawanci Tamba ne, ɗan ƙanenta, taubashin Labbo, ɗan kabu-kabu mai haya da babur da ke zaune layi ɗaya da shi a Nassarawa. Tamba ba shi da abin sha'awa a duniya kamar ya ga Labbo ya kwashi kunya.

Gonar nan ita ce tuwon gida biyu, na Inna da na Labbo. Ran gonar kuma injin ban-ruwa ne, ɗan ja mai igiya, da tiyo biyu: ɗaya na zuƙo ruwa daga gulbi, ɗaya na watsa shi cikin gona.

Ran nan Labbo da Tamba suka je gaishe ta, suka iske ta a gona an gama dashe, ana shirin ba da ruwa. Labbo ya gyara hular kwano ya ce a ba shi tiyo ya riƙe, ya nuna musu yadda ake yi a ilimance. Aka ja igiya. Injin ya yi gurnani, tiyo ya cika ya miƙe, ya yi wata irin zabura, ya ɗaga Labbo ya zaunar da shi cikin laka, ƙafafu sama, hula can.

Tamba ya yi dariya har ya durƙusa. Inna ko juyowa ba ta yi ba. "Tamba, gaya wa wancan ya tashi, ya zauna min bisa iri."

Amma Labbo bai tashi da wuri ba. Yana nan zaune cikin laka, ido waje, yana kallon tiyon kamar wanda ya tsinci zinariya. Abin da ya ɗaga ƙato kamarsa ya yar, mota ce za ta gagare shi? In aka ɗora injin nan a bayan a-kori-kura, aka juya bakin tiyo baya, ruwa ya fita da ƙarfin nan, ai dole mota ta yi gaba. Ba giya, ba kulochi, ba makanike ɗan hassada.

Ya miƙe ya je ya kara kunne a jikin injin, ya girgiza kai. "Tamba, gaya wa Inna injin ga ba shi da lafiya. Ina jin wani ƙas-ƙas cikin hanjinsa."

"Gaya wa wancan lahiya tai lau. Kunnenai ad da ƙas-ƙas."

Ya jira har ta tafi sallar azahar. Kafin ta sallame, injin na kan babur tsakaninsa da Tamba, tiyo naɗe a wuyansu, sun kama hanyar Birni. Tamba ya san ba daidai ba ne, amma ya ƙudura sai ya ga ƙarshen wannan kallo. Suka bar saƙo ga maƙwabcin gona, a ce wa Inna an tafi da injin asibiti, gobe za a sallamo shi.

Goben Labbo kuwa kowa ya san ba ta da rana a mako.

Gari na wayewa ya kira mai walda ya ce a liƙe injin a bayan motar. Mai walda ya ɗiga wuta nan da can ya ce ya isa.

"Kai, zagaye shi kaf," in ji Labbo. "Gudun da za mu yi, in ba a kama shi da kyau ba, a Ambursa za mu waiga mu ga babu shi."

Aka zagaye shi kaf, injin da mota suka zama ƙarfe ɗaya. Sannan Labbo ya ja waya daga maƙogwaron injin, ta ƙarƙashin mota, har zuwa totur, ya ɗaure ta da robar taya yadda in an taka injin ya yi ruri, in an ɗaga ƙafa ya mutu murus.

"Wanga kuma na mi?" in ji Tamba.

"Tsaro. Kada wata rana in sauka shan shayi ta tahi Sakkwato ba ni."

Ya ɗauko durom ɗin ruwan Mansura ya ɗora, ya tsoma tiyon zuƙa a ciki, ya ɗaure na watsawa da tsohon ɗankwalinta, bakinsa na kallon baya. Kafin hantsi layi ya cika da 'yan kallo. A bayan motar kuma maƙwabciyarsu Sadatu ta turara shinkafar sayarwa ta shanya a tabarmi.

"Labbo, in wani abu ya taɓa min shanya..."

"Injiniya, Sadatu. Kuma kafin ki ƙifta ido na bar miki layin ga. Sai dai ki ga ƙura."

Ya shiga, ya yi bisimillah, ya fito da gwiwar hannu ta taga irin na direbobin tasha. Tamba ya ja igiya. Labbo ya taka totur.

Ruwa ya fita kamar an ɓalle madatsa. Ya share tabarmar farko, ya naɗe ta biyu, ya kwashe shinkafar Sadatu ya zuba a kwata, ya wuce ya shiga zauren gidanta ya fito da mijinta daga barcin hantsi, yana salati yana neman takalmi. Kajin da ke kwance a gaban mota suka fashe suna kururuwa. Labbo ya rungume sitiyari, ya sunkuyar da kai don kada iska ta cire masa hula. Hon ba batir, sai yake yi da baki. "Pii! Pii! A ba da hanya! Yara a kauce!"

Sai durom ya ƙare, injin ya fara tari. Ya ɗaga ƙafa. Shiru. Ya leƙo ta taga. Dalbejiyar da ya bari a gefen tagarsa tana nan a gefen tagarsa.

"Ta motsa?"

"Ta yi niyya," in ji Tamba.

Sai ga Sadatu, zane jiƙe, mayafi a ƙugu. "Ina ƙurar da ka ce in gani? Shinkafata ta riga ka tahiya, Labbo, ga ta can cikin kwata ta nuhi gulbi!"

"Haƙuri za ki yi. Duk ƙasar da ta ci gaba sai da wani ya yi asara."

"To yau gidanka za ya ci gaba."

Ta shige gidan Labbo ba sallama, ta fito da buhun shinkafarsu na ƙarshe a ka. Ba wanda ya tare ta, har wani ya gyara mata gammo.

Mansura ta tsaya bakin ƙofa. "Malam, ba ruwa a gida, ba shinkafa a gida, ɗankwalina na bakin tiyo."

"Matar injiniya sai haƙuri."

"Matar injiniya tana cin abinci?"

Bai ji ta ba, don ya riga ya gano cutar: ruwa ne ke ƙarewa. Ya kira 'yan ga-ruwa suka cika durom, ya lanƙwaso tiyon watsawa ya mayar da bakinsa cikin durom ɗin nan dai. Ya dubi jama'a yana goge hannu. "Yanzu ruwan da ya hita shi za ya dawo. Har abada. Wanga ko Turawa ba su kai nan ba."

Ya taka. Injin na ruri, ruwa na fita daga durom yana komawa durom, mota na karkarwa kamar mai zazzaɓi. Haka ya wuni. 'Yan kallo suka je suka ci abinci suka dawo. Tamba ya je ya yi kabu-kabunsa ya dawo, ya jingina babur, ya ƙwanƙwasa taga.

"Injiniya, sannu da hanya. Kun wuce Ambursa?"

"Tana ɗumama."

"Tun hantsi?"

"Babbar tahiya sai babban shiri."

Gobe ta zo ta wuce, jibi ta bi bayanta. Bazara ce, ranar da ke dafa ƙwai a kan dutse. Ana cikin ɗumamar nan wayar Tamba ta yi ƙara. Ya duba, dariyar fuskarsa ta ɗauke, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Tamba."

"Na'am, Gwaggo."

"Wancan na kusa?"

"Ga shi, Gwaggo, bisa sitiyari."

"Gaya mishi laka ta tsage, ana sa hannu ciki. Gaya mishi kunnen shinkahwa ya naɗe. Na nemi aron inji, na kowa na bakin aiki. In rana ta sake hwaɗuwa bisa gonag ga ba ruwa, bana babu tuwo, nan da can." Sannan ta ƙara da cewa, "Kai kuma da kad ɗauko shi bisa babur, ina nan ina jiranka."

Ta kashe. Tamba ya ruga wurin mai walda ya ce a zo a yanke injin. Mai walda ya ce an ɗauke wuta, kuma ko an kawo, yadda aka sa shi ya zagaye abin nan, yanka sai ya ci rabin injin.

"Wa ya ce a yanke?" in ji Labbo da Tamba ya dawo da labari. "Ni yanzu ma na gano gaskiyar lamarin. Durom ne ya yi mata kaɗan. Motar ga gulbi take so."

Tamba ya ce, "In ta tashi ta bar gulbin fa? Ɗaukar shi za ka yi ka tahi da shi?"

"Ka ji jahilci. Gulbin Argungu ba shi ne ya biyo har Birni ba? Sai in bi gaɓa, tiyo na cikin ruwa, ina zuƙa ina tahiya. La'asar a nan za ta ishe ni."

Mansura ta ɗauki mayafi. "To a kai ta gulbin. Ko a ka ne a kai ta." Ita da kanta ta je tasha ta samo Dankure, mai babbar motar albasa da ya sauke kaya zai koma Argungu fanko. Dankure ya zagaya a-kori-kurar, ya ɗaga bonet ya ga ƙwai, ya rufe, ya ɗaura igiya.

Labbo ya ce shi ba zai bari a ja shi shiru kamar gawa ba. Ya sa Tamba ya tayar da injin, ruwa na zagaye a durom, suka fita gari da ruri. Duk inda suka ratsa Labbo na ɗaga wa mutane hannu. Wani mai faci ya ƙwala masa kira, "Injiniya, jan ka aka yi?"

"Tura shi nike yi!"

"To igiyar fa?"

"Don kada in bar shi baya!"

A Ambursa Dankure ya taka birki zai sayi fura. Labbo ma ya taka nasa, sai a nan ya tuna wancan makon ya kwance shi ya wanke da sabulu. A-kori-kura ta tafi salun-alun ta sumbaci gindin motar albasa. Durom ya tuntsure ya yi wa Tamba wanka a baya, fitila ta zube, ƙwai suka fashe. Labbo ya leƙo, hula ta rufe masa ido ɗaya.

"Ka gani, Dankure? Ɗan totur kaɗan na ƙara har na cim maka."

Dankure ya sha furarsa a tsaye, ya ƙara wa igiya tsawo, suka ci gaba.

A Argungu kwalta ta ƙare musu inda hanyar fadama ta fara. Aka kwance motar albasa aka ɗaura shanun huɗa. Labari kuwa ya riga su isa, cewa ɗan Hodi ya zo da motar da ke shan ruwa a madadin fetur. Masunta suka aje komar kamun kifi, masu albasa suka bar shanya, mata masu tallan kifi suka biyo da faranti a ka. Haka aka rako shi har bakin gulbi, shanu gaba, Labbo na tsakiya yana murza sitiyari, gari na baya.

Inna Hodi na tsaye bakin gona. Shinkafa ta yi rawaya, ta sunkuyar da kai, laka ta dare kamar tafin ƙafar manomi. Ta dubi injinta liƙe a bayan mota. Ta daɗe tana dubansa. Tamba ya rusuna nesa da inda hannunta zai kai.

"Tamba, cire shi."

"Ba ya ciruwa, Gwaggo."

"Mi wancan ka nuhi da shi?"

Tamba ya kwashe bayani ya faɗa mata, tun daga durom har bin gaɓa. Ko gira ba ta ɗaga ba.

"Ruwan ta ina yaka hita?"

"Ta baya, Gwaggo."

Ta dubi gulbi, ta dubi gona, ta auna da ido. "Gaya wa wancan in gudu yaka so, ya juya gindinta wajen gonata. Nan hanya ta hi miƙewa."

Labbo ya buga sitiyari. "Kun ji? Ko Inna ta gane fasaha! Jini ba ya ɓuya!"

Aka juya mota, gindinta ya kalli gona, aka kwance shanu daga jikinta. Tiyon zuƙa bai kai ruwa ba, Labbo ya ƙara masa wani guntu, ya haɗa su a ƙarƙashin mota. Na watsawa ma ya tsage a karon Ambursa, ya naɗe tsagar da leda da robar taya, ya sake ɗaure bakinsa da ɗankwalin Mansura yana kallon baya. Aka jefa bakin tiyon zuƙa cikin gulbi, aka ɗura wa kan injin ruwa. Labbo ya hau kan bonet ya yi jawabi. Ya ce yau Argungu za ta shiga tarihi. Ya ce duk mai saƙo zuwa Birni ya kawo. Ya ce masu jirgin ruwa su fara neman wata sana'a, ba ya son a ce bai yi gargaɗi ba. Sannan ya sauko ya shiga, ya rufe ƙofa, ya fito da gwiwar hannu.

Tamba ya ja igiya. Labbo ya taka har ƙasa.

Gulbi ba durom ba ne. Ɗankwalin Mansura ya ce tas, tiyo ya kuɓuce ya tashi sama kamar kububuwar da aka taka wa wutsiya. Ya bi layin masunta ya kwashe musu huluna. Ya doki farantin wata mai talla, kifin da aka soya da safe ya koma gulbin da ya fito. Shanu suka yi fadama da gudu, mai shanu na bin su, Dankure na bin mai shanu don igiyarsa ce a wuyansu. Jama'a suka watse, wasu cikin gona, wasu cikin ruwa.

Mutum ɗaya ce ba ta gusa ba. Inna ta jira tiyon ya sauko, ta sa ƙafa ta take wuyansa, ta ja shi kamar mai jan akuya, ta kwantar da bakinsa a hanyar ruwan gonarta, ta kafe shi da turaku. Ruwa ya kama hanya, ya shiga fangali na farko, laka na sha tana tsuwa.

Labbo bai ga ko ɗaya ba. Idonsa na gaba, wajen Birni. A gindin motar kuwa leda da roba sun saki, ruwa na ambaliya tsakanin tayoyi, laka ta jiƙe ta zama kunu. Sai ya ji kujera ta yi wani ɗan lilo.

"Tana motsi! Wallahi tana motsi! Tamba, ka shaida!"

"Na shaida, Injiniya!"

"Ina makanikai? Ina Sadatu? Pii! Pii!"

Jama'a suka dawo suna matse riguna, suka yi da'ira. Wani tsohon masunci ya tsuguna ya leƙa. "Awo, tana tahiya. Amma ƙasa ta nuha."

Tayoyin baya suka nutse, na gaba suka bi su. Labbo ya ga kawunan mutane na ƙara tsawo, ya ce ai haka abin yake in ana gudu. Ya ƙara takawa. Sai da laka ta kai ƙofa, ta fara leƙowa ta ƙasan kujera, sannan ya tura ƙofa ya ji ta ƙi. Ya ɗaga ƙafa. Injin ya mutu. Ruwa ya tsaya a fangali na biyu.

Cikin jama'a wani ya fara haɗiye dariya.

"Tamba," in ji Inna, tana duban ruwan da ya tsaya. "Wa ya ce wancan ya ɗaga ƙahwa?"

Tamba ya ja igiya. Labbo ya mayar da ƙafa a kan totur, a hankali, ba pii, ba gwiwar hannu. Ruwa ya ci gaba. Nan dariyar ta ɓalle, har mutanen ƙetaren gulbi suna tambayar abin da ya faru.

Kafin rana ta faɗi ruwa ya kai fangalin ƙarshe. Inna ta bi gona kunya-kunya tana taɓa ganye, ta dawo ta wanke ƙafa. Aka kamo shanu aka gwada jan mota, ta ce ba inda za ta. Dankure ya kwance igiyarsa ya ce a mance da ita sai laka ta bushe bayan girbi. Aka zaro Labbo ta taga, kamar wancan karon.

Ya kakkaɓe riga, ya gyara hula. "To, gwaji ya yi kyau. Ƙasar ce ba ta da inganci. Tamba, tashi mu tahi, gobe in dawo da sabon tsari."

"Gaya wa wancan," in ji Inna, "injina ba ya tashi sai an taka mishi abin can. Shi ya haɗa shi hakanan. Shinkahwa kuwa kullum tana son ruwa har ta nuna."

Tamba ya ga abin ya wuce wasa, tausayin taubashi ya ɗan kama shi. "Gwaggo, ai ba sai mutum ya zauna ba. A samo dutse a aza bisa totur, shi ke nan."

"Dutse guda gare ni, shina riƙe min ƙyaure. Dutse na da aiki. Wancan mi yaka yi?"

Ta juya ta kama hanyar gida.

Haka Labbo ya tare a Argungu. Kullum da safe ya shiga ta taga, ya kafa hular kwano, ya taka totur har la'asar. Masunta in za su wuce cikin jirgi sai su ɗaga masa hannu, "Injiniya, a sauka lahiya!" Mata masu zuwa kasuwa su ce ya rage musu hanya. Ranar Juma'a Tamba kan kawo masa tuwo daga Mansura, ya tambaye shi ko hanya da ramuka.

Shinkafa ta yi kyau bana, har ta fi ta bara. Da aka yi girbi, a jaki aka kai buhunan Mansura tasha.

Labbo ya koma Nassarawa ƙafar dama ta fi ta hagu kauri. Ya zauna a majalisar mai shayi, ya ɗora ta kan benci kowa ya gani.

"Ku tambayi duk direban da kunka sani," in ji shi. "Wa ya taɓa tuƙi tun dashe har girbi, ko kaza bai take ba?"